Kafin Ki Kafa Turken Farko a Gonar Gwaji

Yerimaram, Potiskum.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe, Ya saukar da ke a hannun mutanen kirki. Mahaifiyarki tana ta haɗa miki kaya da nasihohinta na mata. Ni kin san ba na iya doguwar magana ido da ido, sai in fara faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ranar da kika dawo da murna kika ce gonar shanun madarar nan ta ɗauke ki aiki, kuma abin da za su fara ba ki shi ne tsara gonar gwajin irin masara na abincin shanu, kin ga na tashi na fita. Mahaifiyarki ta ce kin yi kuka, kin ɗauka ba na son tafiyarki. Ba haka ba ne. Aikin da kika ambata shi ne ya karya ni. Kin tashi kin tarar da ni tsohon malamin gona da ya bar aiki kafin lokacinsa, kin ji guntu-guntun labarin a bakin mutane. Yau ki ji shi daga bakina, tunda ƙasa iri ɗaya za ki taka.

Kina goye aka kawo wa ofishinmu wani shiri na koya wa masu shanu yankan masara tana ɗanya, a daddatsa ta da karanta da ganyenta da goyonta, a tattake a rami, a rufe da leda da ƙasa, ta tsimu har bazara. Ku kuna ce masa silej. Mu a lokacin abincin rami muke cewa, don makiyaya su gane. Duk wanda ya taɓa ganin shanun yankin nan a ƙarshen rani, suna lasar ƙasa suna tauna leda a bola, ya san abin ba wasa ba ne. Aka turo mana iri shida, aka ce a gwada a gano wanda ya fi dacewa da ƙasarmu. Shugaban sashenmu, wanda kowa ke kira Oga, ya ɗora min aikin. Aka ba mu fili a gefen hanyar Damagum. Na ji kaina ya yi girma.

Na je filin sau ɗaya kafin shuka, shi ma daga bakin titi na tsaya na ƙare masa kallo. Ruwa ya riga ya sauka, Oga yana ta matsa min. Na ja igiya na raba filin gida shida, dogaye, kowane iri na ba shi nasa. Abin ya yi kyau a ido, layi ya miƙe sak. Abokin aikina Mista Luka, mutumin Filato ne, tare muka fara aiki, ya zagaya filin da ƙafa ya dawo ya ce, "Malam Gimba, ƙasar nan fa ba ɗaya ba ce. Can ƙasa baƙa ce, nan sama yashi ne. Mu yanka ƙanana mu gauraya su mana."

Na ce, "Luka, in muka tsaya yanke-yanke damina za ta wuce mu. Gona ɗaya ce, ruwa ɗaya zai sauka a kanta."

Ya ce, "To, kai aka ba."

Gefen da ƙasar ta yi baƙi tsohon makwancin shanu ne. Shekara da shekaru Fulani suna sauka a wurin da rani, taki ya ratsa ƙasar. Duk tsohon da ke ƙauyen ya san haka, ban tambayi ko ɗaya ba. Kuma daidai wurin na zuba iri mai lamba huɗu, dogon iri mai jinkirin nuna. Ya tashi kamar rake. Ɗan gajeren iri mai saurin nuna kuwa ya faɗa kan yashin tudu, kusa da wani suri, gara ta ci rabinsa.

Don haka, Ummi, kafin ki kafa turke ko ɗaya, ki shiga filin da ƙafarki. Ki je bayan an yi ruwa ki ga inda yake kwanciya da inda yake gudu. Ki duba suri, ki duba gindin gawo, ki duba inda aka taɓa ƙona shara. Ki zauna da tsofaffin wurin ki tambaye su me aka shuka bara, wa ya taɓa ɗaure dabba a ina. Sannan ki raba filin rukuni-rukuni, yadda ƙasar cikin kowane rukuni za ta zama kusan iri ɗaya: na tudu daban, na tsakiya daban, na gangare daban. Cikin kowane rukuni kowane iri ya sami fulotinsa. In iri shida ne, kowane rukuni fuloti shida. Kada ki yarda rukunin ya gaza huɗu, ko da an ce miki fili ya yi kaɗan. Ki rage girman fulotin, kada ki rage maimaicin. Wane iri zai zauna a wane fuloti kuwa, ba ke za ki zaɓa ba. Ki rubuta lambobi a 'yan takardu, ki zuba a hula ko a kwano, a ja ƙuri'a, kowane rukuni da tasa ƙuri'ar. Na san an koya miki wannan a makaranta. Ni ma an koya min. Na ci jarrabawa a kansa da maki mai kyau. Ranar da babba zai tsaya a kanki yana kallon agogo yana cewa ruwa zai wuce, ranar za ki san ko kin koya.

Akwai kuma abin da ban sa ba sam, wato irin da mutanen wurin suka saba shukawa. Na gwada baƙi shida da junansu, ban gwada su da ɗan gida ba. Ko da na huɗun ya fi sauran biyar da gaskiya, me na sani game da ko ya fi abin da ke rumbun manomi? Ki sa irin gida a kowane rukuni, ki yi masa hidimar da kika yi wa sauran. Za a yi miki dariya a ce ɓata fili ne. Ki bar su su yi.

Da masara ta kai ƙirji, Oga ya zo. Bai ko kalli tudu ba, ya wuce kai tsaye wurin na huɗu, ya shiga ciki har hularsa ta ɓace, ya fito yana dariya.

"Gimba, ai aiki ya ƙare. Ga wanda ya ci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a auna ba tukuna."

Ya ce, "Ido ma awo ne. Manyanmu za su zo daga hedikwata, ka shirya a yi yankan a gabansu."

Shi ya tsayar da ranar, bisa lokacin da baƙin za su samu, ba bisa nunar masara ba. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka gayyato masu shanu daga Potiskum da ƙauyukan Fune, aka zo da masu ɗaukar hoto. A ranar gajeren irin ya riga ya wuce lokacin yanka, ganyensa ya fara bushewa. Na huɗu kuwa ko gemunsa bai gama fitowa ba, jikinsa duk ruwa ne. Muka yanka daga layin bakin hanya, don nan ne baƙi za su gani ba tare da sun ɓata takalmansu ba. Layin baki kuwa kullum ya fi na ciki, ba mai tare masa rana, ba mai raba abinci da shi ta gefe ɗaya. Aka ɗora a sikeli. Na huɗu ya rinjayi kowa nesa ba kusa ba. Aka yi tafi. Ni na riƙe lasifika na sanar. Ruwa muka auna, Ummi, muka tafa wa ruwa.

Luka yana tsaye a bayan rumfa, hannu a aljihu. Da taro ya watse ya ce, "Ka ɗebi kaɗan daga kowanne ka shanya, ka sake aunawa in sun bushe." Na ce zan yi. Na ɗeba ma, na zuba a buhuna, aka ajiye a sito. Oga ya ce sakamako yake so a makon nan, ba shanya ba. Buhunan suka ruɓe a inda suke.

Ki ji ni da kyau a nan. Saniya ba ta ƙiba da tsawon kara. Kowane iri ki yanke shi a lokacinsa, sa'ad da ƙwayar ta bar madara ta fara tauri, in kin danna da farce ta lotsa amma ba ta fesa ruwa ba. In hakan na nufin ki koma filin sau shida, ki koma. Ki bar layukan gefe da bakin kowane layi, ki yanki na tsakiya kawai, tsawo ɗaya a kowane fuloti. Ki auna ɗanye, ki ɗebi samfuri ki busar sosai ki sake aunawa. Ki ware goyo ki ga nawa ne rabonsa a cikin nauyin, don ƙarfin abincin yana can. Kada ki tsaya nan. Ki binne kowane iri a nasa ƙaramin rami ko durom, ki jira, ki buɗe, ki sansana. Mai kyau yana da ɗan tsami mai daɗi, launinsa kore-kore mai ruwan ɗorawa. Ki zuba wa shanu ki tsaya ki ga wanne suke cinyewa, wanne suke turewa da hanci. A kan turakun kuma lamba kawai za ki rubuta, ban da suna. Leburan da ya ji an ce ga wanda Oga yake so, hannunsa zai yi nauyi wurin zuba masa taki ko bai yi niyya ba.

Cikin waɗanda suka zauna a rumfar nan akwai Buba. Ba ki san shi ba, amma nonon shanunsa aka dama furar sunanki da shi. Bafulatani ne da ya zauna wuri ɗaya a wani ƙauye kafin Damagum, yana noma yana kiwo. Mun yi shekaru muna abota. In na je gidansa ba ya bari in tafi sai da ƙwarya. Duk rani 'yan'uwansa suna kora shanu kudu, shi ma yana haɗa nasa da nasu, amma ya gaji da abin da ke faruwa a hanya, kowace shekara sai an dawo da labarin asara ko rigima. Bayan taron ya same ni har gida, a zauren nan da kike shara. Ya ce, "Malam Gimba, ni ba na jin maganar masu mota. Kai nake tambaya. Ka gani da idonka?"

Na ce, "Na gani, Buba. Ni na shuka, ni na auna."

Ya ce, "In na shuka wannan na binne, shanuna za su kai damina a gida?"

Na ce, "Da yardar Allah har ka ba maƙwabta."

Da damina ta zagayo ya zuba na huɗu a gonarsa kaf, har inda ya saba sa dawa da wake, waɗanda da karansu da harawarsu yake lallaɓa dabbobin da suka rage a gida. Gonarsa jigawa ce, ba makwancin shanu ba. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri a shekarar, kamar yadda yake yi mana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Masarar ta tsaya ba goyo, ganyen ƙasa ya ƙone, karan kuma ɗanye. Ya aiko a kira ni. Na je na tsaya a gonar, na ce ya yanka ya binne haka nan, ko wani abu zai tsira. Ya yi yadda na ce. 'Yan'uwansa da za su tafi kudu sun biyo ta wurinsa, ya ce su wuce, shi bana yana da abinci a rami.

Ina wurin ranar da ya buɗe ramin, zafi ya fara tsananta. Tun kafin a gama janye ledar ɗoyi ya kore mu baya. Sama funfuna, ƙasa baƙin yauƙi. Ya sa hannu ya damƙo, ya kai wa wata farar saniya da yake ji da ita. Ta sansana ta kau da kai. Ya daɗe tsaye da abin a hannunsa yana ɗiga. Bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, rana ta yi, ka kama hanya."

Kafin ruwa ya sauka garken ya watse. Waɗansu sun kwanta ba su tashi ba, waɗansu ya kai kasuwa suna tangaɗi, aka saye su a wulaƙance. Ba shi kaɗai ya shuka irin ba, amma shi kaɗai ya zuba komai a kansa, don shi ne ya tambaye ni a zaurena na ba shi amsa.

Gwajin shekara ɗaya a fili ɗaya ba ya isa a ce wa mutum ya canza yadda yake ciyar da iyalinsa. Ko kin tsara komai daidai, ki maimaita wata damina, ki kai shi wata ƙasar, jigawa da laka, ki ga yadda yake yi a shekarar da ruwa ya yi gardama. In manomi ya matsa miki, ki ce ya gwada a 'yan kunyoyi kaɗan a gefen gonarsa, ya bar sauran yadda ya saba. Wanda yake son ki ya fi kowa shiga haɗari, domin shi ba zai nemi hujja ba.

Yanzu ki ji yadda manya suke yi, don kada ki tafi da zaton alheri fiye da kima. Da koke ya fara isa ofis, Oga ya tara mu. A gaban kowa ya dube ni ya ce, "Wa ya tsara gonar nan?"

Na ce, "Ni ne."

"Wa ya riƙe sikeli? Wa ya sanar a lasifika?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka tsayar da ranar yanka. Na ce maka ba a auna ba."

Ya juya ga sauran ya ce, "Akwai wanda ya ji ya faɗi haka?"

Ba wanda ya ji, don a cikin masara na faɗa, mu biyu, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara. Luka ya miƙe ya ce shi dai ya san an hana a busar da samfuri. Ba a rufa wata biyu ba aka mayar da shi wani ofis mai nisa, matarsa tana da tsohon ciki. Mutumin da ya gargaɗe ni na ƙi ji, shi ya fara biyan bashin gaskiyar da ni na kasa faɗa da ƙarfi. In kina da ja a kan wani abu, Ummi, ki faɗe shi da ladabi, amma a gaban mutane, da muryar da na bayan ɗaki zai ji. Ladabin da ba wanda ya ji shi ba zai tsaya miki ba ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa laifi. Kuma ke mace ce, ƙaramar ma'aikaciya, baƙuwa a garin. Wuyanki za a fara dubawa.

Ban haƙura ba. Damina ta gaba na roƙi wani fili, na sake gwajin da ragowar irin, yadda ya kamata tun farko: rukuni huɗu, ƙuri'a a hula, irin gida a ciki, kowanne na yanke shi a lokacinsa, na busar, na binne, na ba shanu. Ɗan gajeren nan da gara ta ci a kan tudu, wanda ko kallonsa ba a yi ba ranar taro, shi ya fi kowa. Ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, goyonsa ya cika, raminsa ya yi ƙamshi, shanu suka lashe kwano. Na huɗu ko irin gida bai kamo ba. Na ɗauki sakamakon na kai wa Oga ina rawar jiki. Ya ce shirin ya ƙare, masu ba da tallafin shirin sun tafi, kuma an riga an aika musu cewa na huɗu ne ya ci, ba zai tona abin da aka rufe ba. Na fita ƙauyuka da kaina a kan babur ina cewa ga irin gaskiya. Wa zai saurare ni? A wani ƙauye wani dattijo ya ce, "Ba kai ne malamin ramin Buba ba?" Aka yi dariya. Shekaru suka wuce kafin wani a wajen ya sake yarda ya binne masara. Ba garke ɗaya kawai na kashe ba, na sa mutane sun tsani abin da zai cece su. A kan wannan na bar aiki.

Oga kuwa an ƙara masa girma. Har yau muna haɗuwa a ɗaurin aure, ya sauke gilashin mota ya ce, "Gimba, kana nan?" In ce ina nan, ranka ya daɗe. Ba zan ce miki na yafe ba, don ban saba yi miki ƙarya ba. Ina dai roƙon Allah Ya ba ni ikon yi kafin in mutu.

Buba na daɗe ban gan shi ba, ina kauce wa hanyar ƙauyensu. Sai wata ranar kasuwa na shiga kasuwar shanu rakiyar wani, na hango shi da igiya a hannu, yana jan bijimin wani zuwa bakin tirela. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Mutumin da ke da garke ya koma ɗan lodi. Na so in juya, ya riga ya gan ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambaye ki da sunanki. Na ce, "Buba, wallahi ban yi maka ƙarya ba. Abin da na gani na faɗa maka."

Ya ce, "Na sani, Malam. Abin da ya cuce ni ke nan. Da maƙaryaci ne kai, ai da na gane ka tun a zaure."

Direba ya daka masa tsawa, Buba ya ja bijimin ya hau. Ba mu sake haɗuwa ba, sai labarin rasuwarsa na ji, bayan an yi sadakar bakwai.

Gaskiyar zuciya ba ta gyara gonar da aka tsara a karkace. Za ki iya zama mai tsoron Allah, ki auna da amana, ki faɗi abin da sikeli ya nuna, ki kuma halaka mutum, in tun ranar jan igiya kika yi sakaci. Saboda haka ki koyi cewa "ban sani ba tukuna." Za ta yi miki nauyi a baki, za a ce yarinyar nan ba ta san aikinta ba, wataƙila a ba wani matsayin da ya kamace ki. Ki faɗe ta duk da haka, har ranar da kika sani.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki sa hula mai faɗi a kan mayafinki in za ki shiga rana, ki sa takalmin roba saboda macizai a cikin masara. Ki girmama leburorinki, ki ci abinci kafin ki fita. Ki riƙa kiran mahaifiyarki, ita ba ta iya shiru irin nawa.

Allah Ya kiyaye ki a tafiya da zama, Ya ba ki lafiya da abokan aiki masu amana, Ya sa ki fi ni. Allah Ya tsare ki daga sharrin manya, Ya kuma tsare talakawa daga yarda da ke kafin ki tabbatar. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Gimba